Hannun Wasa Da Ɗan'uwansa: Gargaɗi Ga Masu Koya Wa Yara Tanis

Daga wani ɗalibi na ajin ƙarshe

A zangon karatun da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu cikin makarantun garin nan na Kontagora don gwajin koyarwa, ni aji 6 aka ba ni a wata firamare, aka kuma ɗora mini kula da wasannin yamma. A cikin ajin nan akwai wani yaro ɗan shekara 12, mai ƙwazo ƙwarai, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ran nan ina ba su shifta, sai na ga ya ajiye alƙalami yana murza gwiwar hannunsa ta dama. Na ce ya ɗauka, ya ɗauka, jim kaɗan ya sake ajiyewa. Ni kuwa na zaci ƙiwuya ce, na yi masa faɗa a gaban 'yan'uwansa. Har yanzu in na tuna ina jin kunya.

Bayan an tashi na kira shi na tambaye shi. Ashe yaron nan tun yana da shekara 9 ya ke tsinta wa manya ƙwallo a wani filin tanis na siminti, har wani mutumin kirki ya ga sha'awarsa ya ba shi tsohon raket nasa, watau abin nan mai raga da a ke buga ƙwallo da shi. Tun daga ranar, kullum da la'asar sai ya tafi ya yi ta bugu da bango, awa 2 ko 3, ba fashi. Na ce ya miƙo hannuwansa in gani. Na dama ya fi na hagu kauri, ko makaho ya shafa ya sani. Amma da na ce ya damƙe yatsuna biyu da kowane hannu, sai na ji na hagun, siririn nan, shi ya fi matsewa. Abin ya ɗaure mini kai. Shi ya sa na shiga bincike cikin littattafan lafiyar jiki, na kuma yi ta tambayar waɗanda suka fi ni sani. Abin da na samu shi ne na ke so in raba da ku.

Kada wani ya ce wannan magana ta likitoci ce, ba ruwan malami. Yawancinmu in mun fita, a makarantar da za a kai mu mu ne malaman wasa, mu ne kuma za mu fara ganin yaro in ya ji ciwo. Tanis kuwa ya riga ya zama namu, ko da ya ke Turawa suka kawo shi. Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a birnin Ikko, ya shiga cikin mutum 16 na ƙarshe a gasar Wimbildon ta Ingila a 1983. Sadiq Abdullahi ya buga wa Nijeriya a wasannin Olimfik na 1988 a Koriya ta Kudu. Ga kuma gasar Dala ta Kano, wadda ta daɗe tana tara gwanaye. Wa ya sani ko irinsu na zaune cikin ajinka?

Inda ƙarfin damƙa ya ke fitowa

Mutane da yawa suna tsammani ƙarfin damƙa a yatsu ya ke. Ba haka ba ne. Manyan tsokokin da ke naɗe yatsu suna can cikin sangalin hannu, watau tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, jijiyoyinsu ne su ke zarcewa har kan yatsu kamar igiyoyi. Tsokokin nan ƙungiya biyu ne. Na gefen tafin hannu su ke rufe hannu, su kuma lanƙwasa wuyan hannu ciki. Yawancinsu sun kafu ne a jikin ɗan ƙullutun ƙashin nan na gwiwar hannu ta ciki, wajen da ke kusa da haƙarƙari. Na gefen bayan hannu kuwa su ke buɗe yatsu, su ɗaga wuyan hannu, su kuma sun kafu a ƙullutun waje.

Ga wani ɗan gwaji da za ka iya yi yanzu kana zaune. Lanƙwasa wuyan hannunka ciki iyakar lanƙwasuwarsa, sa'an nan ka gwada damƙe alƙalami da ƙarfi. Za ka ji hannun ya mutu, ba ƙarfi. To, ɗaga wuyan hannun baya kaɗan ka sake damƙewa. Ka ji bambanci? Dalili shi ne, masu rufewa ba su iya aiki sai masu ɗagawa sun tokare musu wuyan hannu. Ke nan duk sa'ad da yaro ya matse raket, ƙungiyoyin nan biyu ne su ke wahala tare, kowace tana jan ƙullutun ƙashin da ta kafu a kai.

Don me hannun wasa ya ke fin ɗan'uwansa

Ko wanda bai taɓa wasa ba, hannuwansa ba ɗaya su ke ba. Masu aikin gyaran gaɓoɓi a asibiti suna da wata tsohuwar ƙa'ida, cewa hannun dama na badame ya kan fi na hagunsa ƙarfin damƙa da wajen kashi 10 cikin 100. Bahago kuwa sau da yawa hannuwansa kusan kai ɗaya ne, gama duniya tana tilasta masa aiki da dama wajen ci da gaisuwa da karɓar abu.

Jiki kuwa ya kan gina wurin da a ke sa shi aiki. Mu a nan ba sai an kai mu nesa ba. Dubi maƙeri, hannun da ke ɗaga masaba ya fi mai riƙe awartaki cika. Dubi ɗan dambe, hannun da a ke naɗe wa kara, wanda su ke kira mashi, dabam ya ke da wanda ya ke karewa da shi, watau garkuwa. Haka ɗan tanis. Rod Laver na ƙasar Ostireliya, bahago ne, wanda ya cinye manyan gasa huɗu na duniya cikin shekara guda har sau biyu, a 1962 da 1969, ya yi suna saboda kaurin sangalin hannunsa na hagu, har masu kallo su kan ce kamar ba jiki ɗaya ya fito da na dama ba.

Abin bai tsaya ga tsoka kaɗai ba, har ƙashi. A 1977 waɗansu likitoci a Amurka suka ɗauki hoton ƙashin gwanayen tanis, suka auna ƙashin nan da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Suka tarar bangon ƙashin hannun wasa ya fi na ɗayan kauri da wajen kashi 35 cikin 100 ga maza, da wajen kashi 28 ga mata. A 1995 kuma masu bincike a ƙasar Finlan suka auna mata 'yan wasa, suka ga waɗanda suka fara tun kafin su balaga, bambancin ƙashin hannuwansu ya ninka na waɗanda suka fara bayan sun manyanta sosai sau 2 zuwa 4. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka in ka ga hannun wasa na yaro ya fi ɗayan kauri da ƙarfi, kada hankalinka ya tashi. Wannan ba cuta ba ce, jiki ne ya ke shirya kansa don aikin da a ke ba shi, ba kuwa wanda zai iya mai da hannuwan ɗan tanis daidai wa daida. Haɗarin yana waɗansu wurare dabam, su ne ya kamata malami ya sa wa ido.

Inda haɗarin ya ke

Wuri na farko shi ne ƙashin yaro kansa. Ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi, daga nan ne ƙashi ya ke ƙara tsawo. Galibi wuraren nan ba su gama rufewa sai 'ya mace ta kai wajen shekara 14 zuwa 16, namiji kuwa 16 zuwa 18. Kafin nan guringuntsin ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. To, ɗaya daga cikin wuraren nan yana daidai ƙullutun gwiwar hannu na ciki, inda tsokoki masu damƙa suka kafu. In tsoka ta yi ƙarfi da sauri, tana fizgar wurin sau ɗari-ɗari kowace rana, sai ya kumbura ya yi ciwo, wani lokaci har ya ɗan ɓalle. Irin wannan ya kan sami kafaɗa da wuyan hannu kuma. Wannan ne ya sami yaron ajina. Tsokarsa ta girma ta bar ƙashinsa a baya, ciwo kuwa ya hana ta matsewa, shi ya sa siririn hannu ya fi mai kauri damƙa.

A nan sai in gyara wani kuskure. Akwai ciwon da Turawa suka laƙaba wa sunan gwiwar hannun ɗan tanis, tun wajen 1882 da wani likitan Ingila, Henry Morris, ya yi rubutu a kansa. Shi a ƙullutun waje ya ke kamawa, ya fi kuwa kama manya 'yan shekara 35 zuwa 50, yawancinsu ma ba su taɓa riƙe raket ba, kafintoci ne da mahauta da magina. Ba safai ya ke kama yara ba. Don haka in yaro ya yi kukan gwiwar hannu, kada a ce ai ciwon nan ne na manya, a shafa masa man zafi a ce ya koma fili.

Wuri na biyu shi ne rashin daidaito cikin hannun wasa kansa. Tanis ya kan ƙarfafa tsokokin gaba, watau masu rufe hannu da na ƙirji da masu jefa kafaɗa gaba. Na baya kuwa, masu ɗaga wuyan hannu da na bayan kafaɗa da masu riƙe allon kafaɗa, su ne birki, su ke tsai da hannu bayan an yi bugu. Mota mai ƙaton inji da ƙaramin birki kowa ya san ƙarshenta. Yaron da ke koyon bugun baya, watau wanda a ke yi bayan hannu na fuskantar ƙwallo, ya kan bar wuyan hannunsa a lanƙwashe, sai ƙwallo ta fizgi tsokokin baya suna miƙe. Da haka ciwo ya ke shiga kaɗan-kaɗan.

Wuri na uku shi ne hannun da aka manta da shi. Yawancin yaran yanzu da hannu biyu su ke yin bugun baya, a cikin irin wannan bugu kuwa hannun hagu na badame yana ɗaukar aiki mai yawa. Juan Martin del Potro na ƙasar Ajantina badame ne, ya ci babbar gasar Amurka a 2009 yana ɗan shekara 20. A 2010 aka yi masa aiki a wuyan hannun dama. Amma wanda ya fi ba shi wahala na hagu ne, sau 3 aka yi masa aiki cikin 2014 da 2015. In wannan ya sami ƙato mai likitoci kewaye da shi, ina ga ɗan yaronmu? Gaskiyar Hausawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda malami zai auna

A manyan asibitoci akwai wani ma'auni na ƙarfe da a ke matsewa, ya nuna ƙarfin damƙa da kilo. Mu ba mu da shi, amma akwai dabara. Nemi abin awon jini irin na dā, mai agogo da 'yar robar hurawa, wanda a ke samu a kowace ƙaramar asibiti. A naɗe ƙyallensa, a hura har allura ta kai 20. Yaro ya zauna a kujera, gwiwar hannu manne da jiki, sangalin hannu a miƙe gaba, ya matse iyakar ƙarfinsa. A yi sau 3 ga kowane hannu, a rubuta. In wannan ma bai samu ba, sai ka ba shi yatsunka biyu ya damƙe, kamar yadda na yi.

Ka yi awon nan farkon kowane zango da tsakiyarsa, ka ajiye cikin littafi tare da tsawon yaron. Abin da ka ke nema shi ne canji. In hannun wasa yana gaba da ɗan'uwansa, duka biyu kuma suna ƙaruwa, lafiya ke nan. In hannun wasa ya ragu, ko ya koma daidai da ɗayan, ko yaro ya ɓata fuska sa'ad da ya ke matsewa, to, akwai magana. Ka ƙara lura kuma a zangon da ka ga wandonsa ya ɗage, gama lokacin da yaro ke saurin tsawo shi ne lokacin da guringuntsin nan ya fi rauni.

Rigakafi

1. *Raket daidai da yaro.* Na manya tsawonsa inci 27 ne, nauyinsa wajen giram 300. Ƙananan yara har zuwa shekara 8 nasu kada ya wuce inci 23, daga nan 25, sa'an nan 26. In yaro ya tsaya ya saki hannu da raket, kan raket yana jan ƙasa, ya yi masa tsawo. Wajen kaurin mariƙi kuwa, in ya riƙe, ya kamata yatsa guda ya shiga tsakanin kan yatsunsa da tudun tafin hannu.

2. *Ƙwallo mai laushi.* Hukumar tanis ta duniya ta fito da ƙwallaye iri uku don yara: ja, da mai ruwan lemo, da kore. Jar ta fi duka rashin gudu, koriyar ta fi kusa da ta manya. Tun 2012 ta sa doka, gasar yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa da irin waɗannan za a yi. In ba a same su ba, a rage filin, a rage ƙarfin bugu. Da damina kuma kada a buga ƙwallon da ta jiƙe, don nauyinta ya ƙaru.

3. *Sassauta riƙo.* Iyakar matsewar yaro, iyakar girgizar da ke shiga gwiwar hannunsa. A koya masa ya riƙe sako-sako, sai daidai haɗuwa da ƙwallo ya ɗan ƙara. Mariƙin da ya sule shi ke sa a matse da yawa, balle da bazara a garin nan, sa'ad da gumi ke zuba. A naɗa masa sabon ƙyalle.

4. *Bugu da jiki duka.* Masana sun auna bugun buɗe wasa, wanda 'yan wasa ke kira sabis, sun ga fiye da rabin ƙarfinsa daga ƙafafu da kwankwaso da gangar jiki ya ke fitowa. Yaron da ya tsaya ƙiƙam yana bugu da hannu kaɗai, hannun ne zai biya bashin sauran jiki.

5. *Ƙarfafa na baya da na hagu.* Ba a bukatar kayan tsada. A sa zoben roba kewaye da yatsu biyar a riƙa buɗewa. A ɗora sangalin hannu a kan tebur, tafi na kallon ƙasa, a riƙe ƙaramar gora mai ruwa, a ɗaga wuyan hannu a sauke a hankali. A ɗaura robar cikin tayar keke a jikin taga, gwiwar hannu manne da jiki, a ja waje. Kowanne sau 10 zuwa 15, da kowane hannu, kwana 2 ko 3 a mako. Ayyukanmu na gida ma suna taimako: jan guga hannu bi hannu, da matse wanki, da daka in ana sauya hannu.

6. *Hutu.* Wani bincike da aka buga a Amurka a 2015, ƙarƙashin likita Neeru Jayanthi, ya nuna yaran da awoyin horonsu na mako suka fi shekarunsu yawa sun fi samun irin ciwon nan na yawan aiki. Watau ɗan shekara 12 kada ya wuce awa 12 a mako. Nawa yaron yana yin 14 zuwa 21. A ba yaro kwana 1 ko 2 kowane mako ba raket, a bar shi kuma ya yi ƙwallon ƙafa da guje-guje da langa. Wannan zai amfani ƙafafunsa, gama a tanis idon sawu da gwiwa ma suna yawan jin ciwo, musamman a filin siminti.

Sa'ad da za a tafi asibiti

Gajiyar tsoka ta kan wuce cikin kwana 1 ko 2. Amma in ciwo yana kan ƙashi, wurin da yaro zai iya nunawa da yatsa ɗaya, ko akwai kumburi, ko hannu ya ƙi miƙewa sarai, ko yatsu suna mutuwa, ko ciwon ya wuce mako ko da an huta, to, a dakatar da wasa, a sa ƙanƙara cikin ƙyalle a ɗora minti 10 zuwa 15, a kai shi ga likita ya duba, in ya ga dama ya ɗauki hoton ƙashi. Maɗoranmu na gargajiya muna girmama su, amma wannan ciwo ba targaɗe ba ne, ja da murza ƙara ɓata shi su ke yi. Kada kuma a ba yaro maganin kashe zafi don ya ƙarasa gasa. Zafin nan shi ne ɗan aiken da jiki ya turo, in ka kore shi ba ka kori abin da ya aiko shi ba.

Yaron ajina, na tafi gidansu na gai da mahaifinsa, na ce, "Baba, yaron nan naka ba ƙiwuya gare shi ba, ciwo ne, ni ma da fari na zalunce shi." Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai mu mun ɗauka ƙarfi ya ke yi." Aka kai shi asibiti, likita ya hana shi raket mako 6. Ranar da aka faɗa masa ya yi kuka, don a ganinsa an raba shi da abin da ya fi so. Kafin in bar makarantar mun haɗa kuɗi da waɗansu malamai biyu mun samo masa ƙaramin raket na gwanjo. Na ji labari ya koma fili, kwana 4 a mako, yana kuma rubutunsa lafiya lau.

'Yan'uwana, nan gaba kaɗan za a damƙa mana 'ya'yan mutane. Yaro mai son wasa ba zai ce maka yana jin ciwo ba, don tsoron kada ka hana shi. Kai ne za ka lura da yadda ya ke riƙe alƙalami, da yadda ya ke ɗaukar bokiti, da yadda ya ke ba ka hannu. Abin da na faɗa game da tanis ya shafi badminton da ƙwallon tebur da jifan mashi, da duk wasan da hannu guda ke ɗaukar nauyinsa. Ina roƙon malamanmu na sashen wasanni su sa awon damƙa cikin abin da a ke koya mana kafin a fita gwajin koyarwa, don kada wani ya maimaita kuskurena.